Na Dawo Daga Kumasi da Sunan Kawu a Baki

Tun da na dawo daga Ghana ba a bar ni na huta ba. A makaranta, a bakin masallaci, har a cikin keke napep, sai wani ya juyo ya ce, "Abba, wai da gaske ne?" Kaɗan daga cikinsu labarin ƙasar suke son ji. Yawancinsu kuwa abin da ya faru a injin Kawu suke nufi. Ni ba gwanin magana ba ne. Idan mutum uku suka zuba min ido, harshena nauyi yake yi. Shi ya sa na ga gara in rubuta, kowa ya karanta, a daina tare ni a hanya. Amma daga farko zan faro, domin wanda bai ji tafiyar ba ba zai gane abin da ya fito daga bakina ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Yana da injin casar shinkafa a bakin gari, ta hanyar Jama'are, kuma a can nake taya aiki ranakun da ba makaranta. Gidanmu gidan kunya ne. Inna ba ta taɓa faɗin sunan yayanta ba, Hamma take ce masa. Akwai wani yaron maƙwabta mai irin sunansa, shi ma ba ta kiransa, sai ta ce "mai sunan Hamma". Ni kaina sunan kakana aka sa min, mahaifinsu su biyu, don haka ba mai kirana Haruna a gida. Kowa Abba yake ce min, Kawu kuma idan yana cikin raha ya ce Babana.

A cikin injin akwai wani babban bel da ke juya fuli, wato faifan ƙarfen da ke tafiyar da injin. Da yana da murfi, wani makaniki ya cire don gyara, bai mayar ba, murfin ya ɓace. Kawu kuwa ba ya fita ƙofar gida sai da babbar riga. Haka yake shiga injin, ya tattara hannun rigar ya ɗora a kafaɗa, yana magana yana nuni, hannun yana zamewa yana mayarwa. Duk lokacin da ya bi ta gefen bel ɗin sai in ga leburori sun sunkuyar da kai. Kowa yana gani, ba mai magana. Ni ma na daɗe ina tsara yadda zan faɗa masa, in gyara kalma, in sake gyarawa, ban taɓa furtawa ba.

Chinedu ne ya kawo zancen tafiyar. Shi ke sayar mana da bel da boris a kasuwar Azare, kuma Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Ya ce kamfanin da yake saro kaya a wurinsu zai horar da masu ƙananan injina a Kumasi kan yadda ake kare lafiyar ma'aikata, an ba shi gurbin mutum ɗaya.

Kawu ya ce, "Ni da wane Turancin? Ga mai karatu nan, a tura shi."

Da muka fito Chinedu ya ja ni gefe. "Malam Abba, ka san abin da ya sa na kawo muku wannan gurbin? Rigar nan ta Alhaji. Ni ɗan kasuwa ne, ba zan buɗe baki in rasa kwastoma ba. Kai ne ɗansa. Je ka koyo yadda ake faɗa."

Inna ta haɗa min dambun nama da ƙuli-ƙuli. Nasiharta gajeruwa ce: "Ka riƙe sallarka, ka riƙe bakinka. Duk babban da ka gani a can, ubanka ne."

Tare da Chinedu muka tashi, shi zai tsaya Legas sarin kaya. Daga Azare zuwa Kano ba abin faɗa, sai dai wata mata da ta ɗora min kwandon kaji a ƙafa tun daga Jama'are. Ƙafar ta mutu, na kasa ce mata ta matsar, har muka shiga Wudil ta sauka tana yi min albarka wai ni yaron kirki ne. A Kano muka shiga babbar mota. Nan kunyar farko ta same ni. Fitsari ya matse ni tun muna nesa da inda za a tsaya, ina ta mutsu-mutsu, gumi yana karyo min. Chinedu ya lura. Bai tambaye ni ba, sai kawai ya miƙe ya ɗaga murya yadda har na kujerar ƙarshe ya ji, da Turancin buroka sannan da Hausa: "Direba, tsaya! Malaminmu zai kama ruwa!" Aka tsaya saboda ni kaɗai. Na sauka mutane suna leƙe ta taga, na dawo wata tsohuwa tana ce min sannu. Chinedu ya ce, "Ka gani? Ba a mutu ba. Baki aka ba ka, ba ado ba ne."

Legas ban gan ta ba, jin ta na yi. Kowa ihu yake, mai sayarwa da mai saye da mai wucewa, kuma ba wanda ya ji haushin wani. Chinedu ya sa ni a motar da ke bin gaɓar teku, ya damƙa ni a hannun kwandasta kamar kaya, ya tafi.

A iyakar Seme aka karɓi fasfo ɗinmu da katin rigakafi, aka ce mu jira. Wurin cike yake da hayaniya: masu canji, masu dako, injinan manyan motoci, mata masu talla. Na sami gefen benci na zauna da lemon leda a hannu. Ina cikin tunanin gida sai na ji an ce, "Haruna!" Ban san lokacin da na miƙe ba. Na matse ledar, lemon ya wanke min gaban kaftani. Jami'in da ke miƙo fasfo ne, kuma ba ma da ƙarfi ya faɗa ba. Ko a makaranta da lamba da sunan mahaifi ake kiranmu, abokai kuma Abba suka sani. Sunan ya ratsa duk ƙarar nan ya zo ya soke ni. A lokacin kaftanina kawai nake ji, ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Binin da Togo ta taga na gan su. Abin da na riƙe shi ne 'yan acaɓar Kwatano, da riguna masu ruwan ɗorawa da hular kwano. Na tuna namu na Azare, da hula zanna da fasinja biyu da buhu a kan tanki. Sai kuma burodinsu, dogo kamar damtse, mai tauri. Na saya don yunwa, na ci da ƙuli-ƙulin Inna, haƙorana suka yi aiki biyu. Daga Aflao muka shiga Ghana, na canza mota a Ankara, babban birninsu, na isa Kumasi ƙafafuna a kumbure.

An sauke mu a wani masauki kusa da masana'antar da za a horar da mu, mutum biyu a ɗaki. Abokin ɗakina wani dattijo ne mai farin gemu, Alhaji Inusa, mai injin niƙa daga Tamale. Da ya ji daga inda na fito sai ya tafa hannu.

"Katagum! Kai, kakana ɗan Katagum ne, fataucin goro ya kawo shi bai koma ba. Ashe jikana aka kawo min. Jika, ina tsarabata?"

Na ba shi dambun, ya cinye rabi a zaune. Hausarsa ta Zango ce, irin ta Hausawan Ghana, ba ruwanta da mace ko namiji. Zai ce, "Matan nan ya dafa abinci, ya iya ƙwarai." Da farko nakan duba in ga wane namiji ake nufi.

Shi ya koya min cin abincinsu. Da safe ya kai ni wurin mai wani abu da suke ji da shi, suna kiransa wace. Aka buɗe ganye sai ga wake da shinkafa, an dafa da karan dafi ya yi ja. Na ce a raina, na ƙetare iyaka uku in ci wake da shinkafa. Amma an haɗa shi da taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji mai suna shito. Na ɗauka miya ce na kwashi cokali guda. Hawaye suka zubo, mai abincin tana tambaya ko lafiya, ina gyaɗa kai ina cewa da daɗi. Dokunu kuwa, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, ban iya shi ba har na taho. Abu ɗaya ya yi min kama da gida: ba wanda zai fara cin abinci bai gayyace ka ba, ko bai san ka ba, kamar yadda muke cewa bisimilla.

Ranar Asabar na ga an kafa rumfuna a layinmu, ana kiɗa ana rawa, kowa sanye da ja da baƙi. Matar da ke kula da masaukin tana cikinsu. Na ga ya kamata in nuna ladabi, na je na yi mata barka da Turancina mafi kyau, har na yi addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya. Ta tsaya tana kallona. Alhaji Inusa ya janye ni yana dariya har da tari. Jana'izar mahaifinta ce. Su sukan ajiye gawa a shirya mata taro, a raka ta da kiɗa. Mu da ke binnewa kafin rana ta juya, ina zan sani? Daga ranar ta ƙofar baya nake fita.

Masana'antar da aka horar da mu ta sarrafa hatsi ce. An ja layi mai ruwan ɗorawa a ƙasa, nan mutum zai bi, can ba zai taka ba. Kowane bel yana cikin kejin ƙarfe. Kowane inji yana da jan maɓalli babba, wanda ko da gwiwar hannu ka buga zai tsaya. Na je ranar farko da kaftanina na Sallah. Tun a ƙofa aka ce in cire. Aka ba ni kayan aiki da suka yi min gajarta, idon sawuna a waje, da hular kwano da abin toshe kunne.

Mai koyar da mu wata mata ce gajera, Akosua. Na ce mata Madam, ta ce a'a. Ta raba mana farin tef da alƙalami ta ce kowa ya rubuta sunansa na yanka ya manna a goshin hularsa. "A waje ku zama abin da kuke so," in ji ta. "Cif, Alhaji, Fasto, Manaja. A cikin nan ba mu da ko ɗaya. Idan inji yana ƙara ka ce 'Oga', mutum biyar za su juyo, wanda kake nufi ba ya ciki. Ka ce 'tsaya', kowa zai ɗauka da wani ake. Amma mutum yana jin sunansa ko a cikin barci. Suna tukuna, sannan tsaya, sannan maɓalli."

Na tuna Seme, na san gaskiya ta faɗa. Na kuma dubi Alhaji Inusa, na ga ya manna INUSA a goshi yana murmushi, sai na kawar da kai kamar na gan shi ba riga.

Karatun bai ba ni wuya ba. An koya mana cewa kafin a taɓa inji don gyara, a kashe wuta a sa kwaɗo a makunnin, mai gyaran ya jefa makullin a aljihunsa. An koya mana cewa ƙurar buntu, wato ƙaiƙayin shinkafa, tana kama wuta, tana kuma cin huhu a hankali. An koya mana yadda ake ɗaga buhu ba a karya baya ba, da cewa haɗarin da ya kusa faruwa bai faru ba, shi ma a faɗe shi a tattauna, kada a ce Allah ya kiyaye a wuce. A jarrabawar rubutu ba wanda ya kama ƙafata. Har na fara jin kaina.

Sai aka zo gwaji. Akwai wani injin koyarwa da aka bar wa ɗan buɗi a keji. Mutum ɗaya zai rataya tsumma a kafaɗa, wanda aka ɗaura da zare mara ƙarfi, ya yi baya-baya yana nufar bel kamar bai sani ba. Abokinsa zai tsayar da shi kafin tsumman ya kai. Aka haɗa ni da Alhaji Inusa. Aka tayar da inji.

Ya fara takawa. Na ga tsumman yana lilo. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Salamu alaikum, Alhaji." Ban ji kaina ba ma. Na matsa na ce, "Baba, don Allah, in ba damuwa..." Bel ya fizge tsumman, ya naɗe shi, ya tofo shi a yayyage.

'Yan ajin suka fashe da dariya. Wani ɗan Togo har ya zauna a ƙasa. Akosua ba ta yi dariya ba. Ta kashe injin, ta tsince tsumman, ta kama hannuna ta zuba min.

"Ga Alhajinka," ta ce. "Ƙarasa gaisuwar."

Aka sake. A karo na biyu na ce "Alhaji!" da ɗan ƙarfi, wani Alhajin daga Bawku da ke tsaye a gefe ya amsa. A na uku na kai har bakin sunan, na ji harafin farko a kan harshena, sai fuskar Inna ta faɗo min. Tsumma na uku ya tafi.

Alhaji Inusa ya cire abin kunnensa ya ce, "Jika, kira ni mana! Inusa! Rago aka yanka aka raɗa min, ba zagi ba ne."

Na ce, "Ba zan iya ba, Baba."

Ranar rufewa an ba ni takardar shaida kamar kowa. Da Akosua ta miƙo min sai ta riƙe gefenta ba ta saki ba. Ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Haruna, hannunka ya ci. Bakinka bai ci ba. A injinku wanne za a buƙata?" Da ta zage ni a gaban jama'a da ya fi min sauƙi.

Alhaji Inusa ya raka ni tasha. Muna jiran mota ya daina wasan da ya saba. Ya ce shi da ƙanensa suka gaji injin mahaifinsu. Wata rana bel ya kama hannun rigar ƙanen. Yaran shago sun hango tun kafin ya kai, suna ta ihu, "Maigida! Maigida!"

"Mu biyu ne maigida a wurin," ya ce. "Ni na juya."

Ya saya min burodi, ya ce in gaida Katagum.

A hanyar dawowa ban ga komai ba, shiri nake yi. An ba mu manyan hotuna na gargaɗi, ɗaya a ciki yana nuna mutum da riga mai faɗi kusa da bel, an ja masa jan layi. Na ce shi ke nan, wannan zai yi magana a madadina. Zan manna shi daidai inda Kawu ke bi, ba sai na buɗe baki ba.

Kawu ya yi murna da dawowata. Ya juya takardar shaidar gaba da baya, ya ce a sa mata gilashi. Hoton kuma ya yaba kalarsa, ya sa aka kafa shi a ofishinsa kusa da kalanda, inda ba inji ba ƙara. Na samu dai na ce, ina kallon ƙasa, an ce a riƙa rufe bel. Ya ce wannan gaskiya ne, a kira mai walda. Mai walda ya zo ya auna ya ce jibi. Jibin mai walda kuwa kun san shi. Zancen riga ban ɗauko ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Kawu ya taho da baƙi su ga takardar da injin. Akwai manyan manoma biyu daga Disina da ke kawo mana shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, akwai surukinsa, mahaifin matarsa, dattijon da ko Kawu ba ya haɗa ido da shi. Dukkansu Alhazai ne, dukkansu cikin manyan riguna. Kawu ya sa rigarsa fara mai aska, ya ce a tayar da inji baƙi su gani.

Yana gaba yana bayani, ya juyo yana fuskantarsu, yana tafiya da baya. Ya ɗaga hannu zai nuna inda shinkafa ke zubowa, hannun rigar ya zame daga kafaɗarsa ya sauka har ƙasa. Iskar bel ɗin ta fara kaɗa shi. Na dubi leburori. Sun sunkuyar da kai. Mu ba mu da jan maɓalli, makunnin yana can bayan Kawu.

Na ce, "Kawu." Ƙara ta haɗiye.

Na ce, "Alhaji!" Duk Alhazan suka juyo suna kallona, ban da shi, don shi ke magana. Ya ƙara taku ɗaya.

Sai na kira sunansa. Sunan yanka, tsirara, ba Alhaji ba Malam, da wata murya da ban san ina da ita ba. Na bi shi da "Tsaya!"

Ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama. Bel ya lashi bakin rigar ya bar mata baƙin layi na mai, wani lebura ya yi tsalle ya kashe injin. Da ƙarar ta mutu, sai na ji kamar sunan yana nan yana yawo a cikin rumfar. Surukin Kawu ya dubi rufi. Ɗaya daga cikin mutanen Disina ya ce, "Ikon Allah. Abin da aka je koyowa ke nan?"

Kawu bai dube ni ba. Ya tattara rigarsa ya ɗora a kafaɗa ya ce wa baƙi su zo a sha ruwa. Ni kuwa ban san yadda na fita ba. A ƙafa na tafi gida, na bar hulata a can.

Labari ya riga ni isa. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Da bakinka?" ta ce.

"Da bakina, Inna. Rigar ce za ta..."

"A gaban surukinsa."

Ta ci gaba da tankaɗe. Daga ranar abincina a bakin ƙofa nake samunsa a rufe. A gari kuma magana ta rabu. Wasu suka ce na ceci rai. Wasu suka ce rigar ba za ta kama ba, shekara nawa yana bi ta wurin. Wani malaminmu ya ce da na ruga na janye shi da hannu. Na auna wannan a raina sau da yawa: akwai buhuna tsakaninmu, ba zan kai ba. Amma sanin haka bai rage min komai ba. Na daina zuwa injin. Idan na hango motar Kawu sai in shige lungu. Mutumin da ya biya min kuɗin makaranta tun daga firamare, na kira shi yadda ake kiran yaron aike.

Ana nan sai ya aiko in same shi a injin da safe. Na tafi kamar mai zuwa kotu. Na tarar mai walda yana ɗaura keji a kan bel, Chinedu yana tsaye a kansa yana yi masa tsiya. Surukin Kawu yana zaune a benci, da alama shi ma kiransa aka yi. Leburori sun jeru. Na durƙusa daga nesa na gaishe su.

Kawu bai amsa min ba. Da surukinsa yake magana, amma da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Alhaji, ina jin ana ta surutu a gari, wai yaro ya kira sunana. Wane yaro? A tambayi uwarsa sunan wa gare shi. Tun da Baffa, mahaifinmu, ya rasu ban ji an kira ni haka ba. Wallahi da na ji, ban tuna da inji ba. Tsayawa na yi ina cewa, yau kuma me na yi? Ubana ne ya kira ni. In uba bai kira ɗansa da suna ba, wa zai kira?"

Dattijon ya shafa gemu ya ce, "Haka ne. Mai suna ai ba ya laifi."

Chinedu ya ce, "To Alhaji, ni ma daga yau zan iya..."

"Kai kuma in ka gwada, a Kano zan riƙa sayen bel."

Aka yi dariya, ban da ni. Sai Kawu ya kama wuyan rigarsa ya cire ta ta ka, a gaban leburorinsa, abin da ba wanda ya taɓa gani. Ya tsaya daga shi sai 'yar ciki, ya zama wani ɗan siriri da ban sani ba. A jikin ƙofar an kafa sabuwar ƙusa. Ya miƙo min rigar.

"Babana, rataye min."

Na karɓa da hannu biyu. Farar nan ce mai aska, an wanke ta amma baƙin layin bai fita ba. Da na matso zan wuce, ya rage murya yadda ba mai ji sai ni.

"Sau ɗayan nan ya isa."

Na ce, "To, Kawu."

Yanzu kullum rigar tana kan ƙusa kafin a tayar da inji. Ma'aikata suna da huluna, kowa da sunansa a goshi, ni na rubuta musu. Da aka zo kan ta Kawu na tsaya da alƙalami a hannu har ya gaji da jira, ya karɓa ya rubuta da kansa, da ajami. Inna ta koma miƙo min abinci hannu da hannu, amma zancen bai taɓa haɗa mu ba. Ni kuma har yau ban iya ɗaga ido na dubi Kawu ba.

Ga masu tambaya ko da gaske ne, to da gaske ne. Masu cewa in maimaita yadda na faɗa su ji, su yi haƙuri. Kun karanta tun daga Azare har Kumasi har dawowa ba ku ga sunan ba, kuma ba mantuwa na yi ba.